AKWATIN REDIYO MAI GAJEREN ZANGO: YADDA MANOMI ZAI SOMA SAURARO DA KUƊI KAƊAN

A ƙarshen watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka rufe layukan wayar hannu a waɗansu sassan jihar saboda sha'anin tsaro, ba a kuwa buɗe su ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Lokacin kaka ne, masara ta bushe, ana haramar yankan shinkafa. Akwai mutane da yawa da ke kwana a Kawo da Hayin Banki da Unguwan Dosa da Mando, amma gonakinsu na can waje, waɗansu ta hanyar Birnin Gwari, waɗansu cikin ƙasar Igabi. Da yawansu sun tarad da cewa in suka yi nisa da gari, wayar nan da a ke taƙama da ita ba ta da sauran amfani sai na haska hanya. Wanda ya ke rataye da ɗan akwatin rediyo shi ke jin abin da duniya ke ciki, saura sai su matso kusa da shi su kasa kunne.

Akwatin rediyo ba ya bukatar kati, ba ruwansa da ko an kawo wuta ko an ɗauke. In kuma mai gajeren zango ne, to, ba ruwansa da nisan gona da gari, gama maganar da ya ke kamawa daga sama ta ke sauko masa. Sai dai samarin yanzu da yawa sun tashi ba su san yadda a ke sarrafa shi ba. Mutum ya sayo, ya murɗa sau biyu, ya ji shuu da ƙara, sai ya ce an cuce shi, ya jefa akwatin cikin tarkace. Alhali kuwa sau da yawa akwatin ba shi da laifin kome. Ƙaramin akwati wanda kuɗinsa bai kai na buhun takin zamani ɗaya ba ya isa ya kawo wa mutum muryar Landan har bukkarsa ta gona. Abin da ya rage sani ne kurum, watau sanin mita, da sanin lokaci, da sanin inda za a zauna, sai kuma 'yar waya yadi goma.

Me Zai Ƙari Manomi Da Shi?

Wani zai ce, me ya haɗa mai noman masara a Rigachikun da labarin Turai? Aljihunsa ne ya haɗa su. A watan Fabrairu na 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, ba a daɗe ba kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabo, domin Rasha na cikin manyan masu sayad da taki a duniya, fotash ɗin da a ke haɗa takin NPK da shi a Nijeriya kuwa daga waje a ke sayo shi. Wanda ya ji labarin da wuri, ya kuma gane inda ya nufa, ya sami zarafin sayen nasa takin tun damina ba ta faɗi ba. A watan Agusta na 2023 aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, duk mai harkar wake ko albasa ko dabbobi ya ji a jikinsa. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a farkon 2016 aka soma ganinta a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Murar tsuntsaye kuwa, a wata gonar kaji da ke Jaji aka fara tabbatad da ita cikin Afirka duka, a Fabrairu na 2006, bayan ta shekara biyu tana karkashe kaji a ƙasashen Asiya. Masu sauraron tashoshin waje sun san sunanta tun ba ta iso ba.

Amma fa a faɗi gaskiya. Tashar waje ba za ta gaya wa mutum nawa a ke sayad da tiyar gero a kasuwar Kawo ba, ba kuwa za ta gaya masa ranar da za a raba taki a ƙaramar hukumarsa ba. Wannan aikin tashoshin gida ne. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, da shawarwarin malaman gona na Samaru, galibi a gidajen rediyon gida a ke jinsu. Saboda haka kada manomi ya sayi akwatin da bai haɗa zango uku ba. A jikin akwati zai ga an rubuta FM, sa'an nan MW ko AM, watau matsakaicin zango, sa'an nan SW. Na ƙarshen nan shi ne gajeren zango.

Neman Araha Ba Yau Aka Soma Ba

A watan Disamba na 1932 BBC ta soma aika shirye-shirye a kan gajeren zango zuwa ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila. A zamanin nan akwatin rediyo kayan Turawa ne da manyan attajirai. Dabarar da gwamnati ta fara yi don talaka ita ce rediyon waya: a kafa babban akwati guda a gari, sa'an nan a ja waya gida gida, kowa da ɗan akwatinsa a bango yana biyan kuɗin wata. A Kano an soma wannan a 1944. Mai irin akwatin nan ba shi da zaɓi, abin da aka ba shi shi zai ji. Mutumin ƙauye kuwa ko oho.

Wata dabarar a Rodeshiya ta Arewa aka gwada ta, watau Zambiya ta yanzu. A 1949 kamfanin Ever Ready na Ingila ya ƙera wani akwati mai gajeren zango musamman don talakawan Afirka. Jikinsa tukunyar miya ce ta alminiyam wadda ba a sa wa mariƙi ba, aka shafa mata shuɗin fenti, har ma da sunan tukunya aka riƙa kiransa. Kuɗinsa fam 5, batirinsa sule 25. Mai karatu ya dubi lissafin nan da kyau, batir huɗu sun kai kuɗin akwatin ɗungum. Har gobe haka abin ya ke, ba sayen akwati ke cin kuɗi ba, ciyad da shi. Sauƙi bai samu ba sai da rediyon transista ya fito, wanda aka fara kai wa kasuwa a Amurka a 1954. Daga nan akwati ya yi ta ƙanƙancewa, ya koma cin batirin tocila, har makiyayi ya rataya shi a kafaɗa ya bi shanu.

Ran 13 ga Maris 1957 BBC ta buɗe Sashen Hausa, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya karanta shirin farko na minti 15. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda rediyonsa ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1978. Ofishinsa na nan cikin gari a titin Yakubu Gowon, manyan injinan watsawa kuwa a Jaji aka kafa su, kan hanyar Zariya. Shekaru da yawa a kan mita 49 Hausawan Gana da Kamaru da Cadi da Sudan su ke jin Kaduna, gaisuwar da su ke aikowa shirin Zaɓi Sonka ita ce shaida. Muryar Jamus da Rediyon Sin suka soma Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Harsunan Afirka kaɗan ne suka sami irin wannan gata.

Yadda Magana Ke Tsallake Teku

Maganar FM miƙe ta ke tafiya kamar hasken tocila. Da zarar ta gamu da tudu, ko ta kai inda ƙasa ta lanƙwashe, shi ke nan ta ɓace. Shi ya sa mai mota in ya bar Kaduna ya nufi Birnin Gwari ya kan ji tashar tana raguwa har ta mutu. Gajeren zango ba haka ya ke ba, sama a ke harba shi. A can sama, daga kamar mil 60 zuwa mil 250 ko fiye, akwai wani rufi na iska mai shara-shara wanda hasken rana ke cika shi da lantarki. Masana na kiransa ayonosfiya, wani Bature Edward Appleton ne ya tabbatad da zamansa a 1924. Rufin nan shi ke maido da maganar ƙasa, kamar yadda yaro kan tara madubi ya jefa hasken rana cikin ɗaki. Tsalle guda ya kan kai mil 2,000 ko fiye, in ta sauka kuma ta sake tashi. Tun 1966 BBC ke da tasha a wani ɗan tsibiri mai suna Ascension a tsakiyar Tekun Atlantika, kusan mil 2,000 daga Kaduna, yana kuwa cikin wuraren da ta ke harbo shirye-shiryenta zuwa Afirka ta Yamma.

To, rufin nan ba ya zama wuri ɗaya, kullum motsi ya ke yi kamar ruwan kogi. Shi ya sa a kan ji murya ta taso, ta yi ƙasa, ta sake tasowa. Wannan ba lalacewa ba ce, kada a kai wa mai gyara ya buɗe akwati a banza. Sa'an nan rufin yana sake hali tsakanin dare da rana, da kuma tsakanin shekara da shekara, domin ƙarfin rana kansa yana hawa yana sauka cikin kowace shekara 11. Ya kai ƙololuwa wajen 2024.

Mita Da Lokacinta

Ga inda mai koyo ya kan rikice. Mai gabatad da shiri zai ce ana jinsu a kan mita 16 da 19, mutum ya duba fuskar akwatinsa ya ga waɗansu lambobi dabam, 6 da 7 da 9.5 da 15 da 18, da haruffan MHz a gefe. Duka abu ɗaya ne, ma'auni ne biyu kamar mudu da tiya. Lambobin nan megahaz ne, lissafinsu kuwa ko ɗan makaranta ya yi shi: a raba 300 da lambar megahaz, abin da ya fito shi ne mita. Gidan Rediyon Kaduna an san shi da lamba 6090 kilohaz, watau 6.09 megahaz. In aka raba 300 da 6.09 sai a sami 49 da 'yan kai. Ga mita 49 ke nan.

Wanda ba ya son lissafi sai ya haddace wannan. Mita 49 tana wajen lamba 6, mita 41 wajen 7.3, mita 31 wajen 9.6, mita 25 wajen 11.8, mita 19 wajen 15.4, mita 16 wajen 17.7, mita 13 wajen 21.6. A lura, mita na raguwa lamba na ƙaruwa. Tashoshi a wuraren nan su ke cunkushe kamar rumfunan kasuwa, tsakaninsu kuwa yawanci fili ne, ba abin da za a ji sai shuu.

Kowace mita da lokacinta, kamar yadda kowane iri ke da lokacin shukarsa. In rana ta take, ƙananan mitoci ke aiki, watau 19 da 16 da 13. Da asuba da kuma bayan isha'i manya ke aiki, 49 da 41 da 31. Mita 25 ta tsakiya ce, ta fi daɗi da hantsi da kuma wajen almuru. Dalili kuwa, da rana ƙasan rufin nan ya kan shanye manyan mitoci kafin su kai inda za a maido su, da dare kuma rufin ya yi rauni, ƙananan mitoci su huda shi su wuce ba su dawo ba. Wanda ya nemi tashar nesa a mita 49 da ƙarfe uku na rana ya ɓata batirinsa, kamar mai shuka alkama ne da damina. Wannan kuskure kaɗai ya sa an zargi akwatuna masu yawa da ba su ji ba su gani ba.

Sai a kula da agogo. Tashoshin waje su kan faɗi lokaci da agogon GMT, agogon Nijeriya da Nijar kuwa yana gaba da shi da awa ɗaya. In aka ce ƙarfe biyu agogon GMT, a Kaduna ƙarfe uku ke nan. Shekara da shekaru an san Sashen Hausa na BBC da shiri sau huɗu, ƙarfe shida da rabi da bakwai da rabi na safe, uku na rana, takwas da rabi na dare. Tashar waje in lokacin shirinta ya ƙare rufewa ta ke yi, ko ta juya wani harshe, don haka rashin jin Hausa da ƙarfe goma sha ɗaya ba laifin akwati ba ne.

A Gaban Mai Kanti

A Babbar Kasuwar Kaduna, wadda a ke kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da kasuwar Kawo, da hannun masu talla, za a sami akwatuna iri iri, galibinsu ƙirar ƙasar Sin. Sunan Kchibo ya zama ruwan dare har waɗansu na kiran kowane ƙaramin akwati da shi. Akwai irin su Tecsun da suka fi tsada, suka kuma fi kunne, amma mai koyo ba lalle ne ya soma da su ba. Suna kaɗai ba abin dogara ba ne, jabu sun yi yawa, akwati biyu masu suna ɗaya daga kwali ɗaya ma sai a tarar ɗaya ya fi ɗaya. Zuwa da kai ya fi aike, kada a ba yaro kuɗi a ce ya sayo.

Abu na farko da za a duba shi ne yadda aka raba gajeren zangon. Wani akwati SW guda ɗaya gare shi, an cusa mitoci duka cikin layin da bai fi tsawon yatsa ba. Irin wannan wahala ce, kafin mutum ya ankara allura ta tsallake tashoshi biyar. Wanda ya fi shi ne mai SW1, SW2, har zuwa bakwai ko takwas, kowace mita da layinta, tasha ta sami filin zama. Sa'an nan a dubi inda lambobin suka tsaya. Lalle su kai 18, in sun kai 22 ya fi kyau. Akwatin da ya tsaya a 12 ba shi da mita 19 da 16, mai shi ba zai mori shirin rana ba.

Sai gwaji. A tafi kasuwa a lokacin da aka san akwai shiri, ƙarfe uku na rana ya dace, a kuma tafi da sabon batir na kai. Cikin rumfa ba wurin gwaji ba ne, ga kwano bisa kai, ga janareta ko'ina. A roƙi mai kanti a fito fili da akwatin, a zare eriya duka, a murɗa sannu sannu kamar mai tsince tsakuwa cikin shinkafa. In an kamo tasha a saki hannu a gani ko za ta zauna. A juya abin murɗawa gaba da baya, in yana yin sako-sako kafin allura ta motsa, a ajiye a ɗauki wani. A ƙara murya a rage, in tana ƙarƙar a ajiye. A duba murfin batir da gindin eriya, gama nan ne su ke fara karyewa. Mai kantin da ya ƙi a gwada kayansa ya riga ya faɗi ra'ayinsa a kansu.

Akwai masu nuna lamba a gilashi kamar agogon hannu. Amfaninsu shi ne mutum ya san daidai inda ya ke, gobe ya koma wurin ba lalube. Sun fi tsada kaɗan, waɗansunsu kuma sun fi cin batir. Akawu mai zama a gari zai ji daɗinsu, mai kwana a gona kuwa mai allura ya ishe shi. Tsofaffin akwatunan Japan na hannu, irin su National da Sony, in aka dace da mai lafiya ya kan fi sabo na araha, amma sai a tafi da wanda ya san gyara. Tocila da wurin sa katin waƙoƙi da a ke liƙa wa akwatunan yanzu ado ne, ba su ƙara wa akwati kunne ko kaɗan.

Waya Yadi Goma

Babu kuɗin da mai rediyo zai kashe ya ga amfaninsa kamar na 'yar waya. A nemi siririyar wayar tagulla mai rigar roba, yadi biyar zuwa goma. An ce yadi don kada a rikita shi da mitar rediyo. Ko a Panteka za a samu, wayar tsohuwar fanka da ta ƙone ma ta yi. A ɗaura baki ɗaya da igiya a reshen mangwaro ko a kan gora, a ɗaga shi sama iyakar iko, sa'an nan a naɗa ɗaya bakin sau biyar ko shida a jikin eriyar akwatin. Ba sai an feɗe robar ba. Tashar da ɗazu a ke jinta kamar daga cikin rijiya sai a ji ta matso.

Kada a ce tun da yadi goma ya yi kyau, talatin zai fi. Ƙaramin akwati in aka ɗura masa abin da ya fi ƙarfinsa ƙwarewa ya ke yi, tashoshi su hau juna, har a ji FM ta cikin gari ta faɗo cikin gajeren zango. A cikin Kaduna, inda gidajen rediyo ke kusa, yadi biyar ya isa. A gona ne a ke ƙarawa.

Ga gargaɗi kuma, wannan maganar rai ce. Kada a ɗaura wayar nan a turken lantarki, kada a ƙetara da ita bisa ko ƙarƙashin wayar wuta, ko da kuwa an yi wata guda ba a kawo wutar ba. Da damina, da zarar hadari ya haɗu aka soma walƙiya, a kwance ta daga jikin akwati a jefa bakinta waje, nesa da ɗaki. Waya mai tsawo a sama hanya ce ga aradu. Labarin duniya zai jira.

Wurin zama ma da nasa. Rufin kwano da ginin da aka zuba wa rodi suna tare magana, ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ko azara ba ya tarewa. Wanda ke ɗakin kwano sai ya matsa bakin taga ko ya fito tsakar gida. Babban abokin gaban gajeren zango a gari kuwa shi ne ƙananan kayan lantarki na zamani, cajar waya ta araha, da ƙwai masu farin haske, da inbata, da janareta. Kowannensu yana fid da wani zuu da ke danne tasha. Gane mai laifi ba wuya, a kunna akwati a riƙa kashe kayan ɗaya ɗaya, ko a zaga gida da akwatin a ji inda ƙarar ta fi. Abin mamaki, sa'ad da aka ɗauke wuta a unguwa, kafin a tada janareta, a lokacin ne akwati ya fi jin magana. Mai lambu a fadamar Rafin Guza ko bakin kogi ta wajen Malali, da akwatinsa na araha, ya kan ji abin da mai babban akwati a Unguwan Rimi bai ji ba. Ƙarar ƙas-ƙas ta damina ita kam daga walƙiya ta ke, ko da hadarin na can nesa. Ta fi damun mita 49 da 41, ba ta da magani sai a gwada ƙaramar mita. Da hunturu sararin ya kan yi tsit.

Abincin Akwati

Manyan batura na tocila sun fi ƙanana araha in aka auna da daɗewarsu, saboda haka mai zama a gona ya zaɓi akwati mai cin manya ko da ya fi nauyi. Lasifika ita ce mai cin batir. Wanda ya ƙure murya don maƙwabta su ji, shi ke biya musu. Abin sawa a kunne yana sa batir ya daɗe ƙwarai, yana kuma taimakawa wajen jin tasha mai rauni. Alamar batir ya soma sanyi ita ce gajeren zango ya fara gudu ko ya ɓace alhali FM na nan, sai a sake batir kafin a zargi akwati. Kada a gama sabo da tsoho. In za a ajiye akwati fiye da mako biyu a cire batir, domin ruwan da ya ke zubarwa ya kashe akwatuna fiye da faɗuwa. Shanya mataccen batir a rana, yadda a kan yi, ba ya maido da shi sai na ɗan lokaci. In ya mutu kuma kada a yar da shi cikin lambu ko kusa da rijiya, ko inda yara da awaki za su kai gare shi.

Yanzu akwai masu batirin caji irin na wayar hannu, waɗansu har da ɗan faifan hasken rana. Ga wanda ke da inda zai yi caji, wannan ya fi sauƙi nesa. Mafi kyau shi ne mai karɓar duka biyu, na caji da na tocila. In faifan dabam ya ke da igiyarsa, a sa shi a rana, akwatin a inuwa, zafi yana kumbura batirin caji. Kada kuma a saurari gajeren zango akwati na jone da caja, ƙarar cajar za ta rufe kome. Da hunturu a ɗinka masa jakar tsumma saboda ƙura, da damina a sa shi a leda in za a fita.

Tashoshi Na Zuwa Suna Tafiya

Ya kamata mai saye ya san cewa gajeren zango ba kamar da ba ne. Tashoshi da yawa sun koma FM da intanet. Muryar Jamus ta rufe babbar tasharta ta Kigali a 2015. BBC ta daina shirin rediyo na Larabci a Janairu na 2023 bayan shekara 85. A watan Maris na 2025 Gwamnatin Amurka ta dakatad da aikin Muryar Amurka, masu jin Hausarta suka wayi gari suka tarad da wurin shiru. Ko gidan rediyo na gida, in injinsa ya lalace ko mai ya yi tsada, ya kan ɗauke daga gajeren zango. Don haka in an nemi tasha kwana uku a kan mitarta da lokacinta ba a samu ba, alhali maƙwabtanta na nan, to, ita ce ba ta nan.

Duk da haka akwai abin da gajeren zango ke yi wanda FM ba ta iyawa. Tashar FM da ke karɓo shirin waje tana cikin ƙasa, takarda guda ta isa ta rufe ta. A Nijar an dakatad da Rediyon Faransa a Agusta na 2023, aka kuma dakatad da BBC na wata uku a Disamba na 2024. Maganar da ke saukowa daga sama kuwa ba ta bi ta ofishin kowa. Mai sauraro dai shi ma ya yi hattara, kowace tasha gwamnati ko hukuma ce ke ciyad da ita, kowa kuwa da inda ya fi karkata. Labarin da zai sa mutum ya sayad da hatsinsa ko ya riƙe, gara ya ji shi a tasha biyu tukuna.

Mai koyo sai ya soma da BBC da Rediyon Faransa, su suka fi saukin kamawa a Kaduna. In hannunsa ya faɗa, sai ya yi yawo cikin mita 31 da 25 da dare, zai ji Larabci da Faransanci da Turanci da harsunan da bai taɓa ji ba. Ya nemi ɗan littafi na aljihu, irin wanda a ke rubuta ranar shuka da ranar sa taki, ya riƙa rubuta sunan tasha da lokaci da lambar da ya same ta. Mai akwatin allura ya iya liƙa 'yar takarda a gefen gilashi ya sa alama da fensir. Fensir aka ce, ba biro ba, domin tashoshin duniya su kan sake mitocinsu sau biyu a shekara, ran Lahadin ƙarshe na Maris da ran Lahadin ƙarshe na Oktoba. In makon ya gabato, a kasa kunne a farkon shiri da ƙarshensa, nan ne a kan faɗi sababbin mitocin.